Malam Edita, a cire Taimur Lang daga jerin gwarazan Musulunci

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira ya kuma saka da alheri. Na rubuto ne akan makalar da kuka buga a shafin tarihi, wadda marubucinku ya jero gwarazan Musulunci ya saka Taimur Lang a tsakiyarsu, yana ta yabon jarumtarsa da masallatan da ya gina a Samarkand. To ni dai gaskiya abin bai kwanta min a rai ba, kuma ba marubucin naku kaɗai ba ne, yanzu haka in ka leƙa Facebook ko TikTok zaka ga samari na yaɗa hoton mutumin nan akan doki da waƙar yaƙi a ƙasa ana ta rubuta masha Allah, alhali in ka tambayi mutum su wa Taimur ya yaƙa sai ya hau kame-kame. Shi yasa nace bari in ɗan faɗi abin da na sani, in yaso masu karatu su yi alƙalanci.

Jarumta dai kam babu mai ƙwace masa, wannan ba abin musu ba ne. An haife shi a 1336 kusa da garin Kesh, wanda yanzu ake ce wa Shahrisabz a kudu da Samarkand, ɗan ƙabilar Barlas ne, wato Mongol ɗin da suka daɗe a yankin har harshensu ya koma na Turkawa suka kuma musulunta. Ba ɗan sarki ba ne. Da 'yan mahaya kaɗan ya fara, yau ya bi wannan sarki gobe ya juya masa baya, har ya kai 1370 ya ci Balkh, aka kashe Amir Husaini wanda abokin tafiyarsa ne kuma surukinsa, ya auri matar Husainin, Saray Mulk Khanum, saboda ita jinin Jankis Khan ce. Kuma duk ƙarfin da yayi bai taɓa kiran kansa Khan ba don a al'adarsu sai jinin Jankis ne ke da wannan sarautar, shi Amir ya tsaya, sai ya ɗauko wani daga zuriyar ya ɗora akan gado a matsayin hoto shi kuma yana juya ƙasa. Daga nan har mutuwarsa a 1405, shekara 35 kenan, kusan kullum yana kan sirdi da gurguwar ƙafarsa ta dama. Bai iya karatu ba amma yana sa a karanta masa tarihi, yana jin Turkanci da Farisanci, ga shi gwanin dara irin ta shaɗaranji. Duk na yarda.

Tambayata ita ce, wannan takobin akan wuyan wa ya sauka?

A ɗauki Isfahan ta ƙasar Iran a 1387. Gari ne na Musulmi, ya miƙa wuya ba tare da yaƙi ba, Taimur ya aza musu haraji mai nauyi ya tura masu karɓa, mutanen gari suka harzuƙa da irin cin mutuncin da ake musu suka tashi cikin dare suka kashe masu karɓar harajin da sojojin da aka bari. Me ya biyo baya? Aka raba wa kowace runduna adadin kawunan da zata kawo, aka gina hasumiyoyi da ƙoƙon kan mutane, marubutan zamanin suka ce kai 70,000. Hafizi Abru, wanda ma'aikacin gidan Taimur ɗin ne ba maƙiyinsa ba, yace ya zaga wani ɓangare na ganuwar garin ya ƙirga hasumiya 28 kowacce da kai kusan 1,500. Waɗannan fa masu kalmar shahada ne, masu sallah, da yawansu basu san hawa ba basu san sauka ba. Kafin nan a 1383 ya shiga Sistan ya rushe Zaranj ya lalata madatsun ruwan da manoman yankin suka dogara dasu.

Sai Delhi a ƙarshen 1398. Wanda ke mulki a lokacin Sultan Mahmud ne na gidan Tughluk, Musulmi, daular Musulunci ce da ta haura shekara 190 a wurin. Uzurin da Taimur ya kawo wai sarakunan Delhi sun cika sassauta wa Hindu. To mu ɗauka haka ne, sai a gyara ta hanyar ƙone babban birnin Musulmin Indiya? Kafin a gwabza ma sai da ya bada umarni a yanka bayin da ya kamo a hanya don kar su yi masa bore a bayan fage, littattafan fadarsa suka ce mutum 100,000. Dabarar da yayi wa giwayen Sultan kuwa, ta ɗora wa raƙuma busasshiyar ciyawa da itace a cinna wuta a kora su cikin giwaye, ita ce masu bidiyo suka fi so su bada labari, kuma eh dabara ce, amma basa ƙarasawa su ce bayan nan kwana da kwanaki aka yi ana kisa da wawaso a cikin gari, Delhi ta daɗe bata farfaɗo ba, shi kuma ko zama bai yi ya mulki ƙasar ba, ya kwashi dukiya da giwaye da magina ya juya gida.

Inda abin ya fi taɓa ni shine Sham. A 1400 ya ci Halab, ya tara malaman garin ya jefa musu tambayar tarko, yace jiya an kashe mutanena an kashe naku, su waye shahidai a ciki? Duk amsar da ka bayar wuyanka ne a kai. Alƙali Ibnu Shihna ne Allah ya ba fasaha, yace ai an taɓa yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan tambayar akan mai yaƙi don ganima da mai yaƙi don suna da mai yaƙi don a ga jarumtarsa, sai ya amsa cewa wanda yayi yaƙi don kalmar Allah ta zama ita ce maɗaukakiya shine a tafarkin Allah. Taimur ya yaba amsar. Malam Edita ku dubi wannan, mutumin ya san hadisi in ya ji shi, yana jin daɗin zama da malamai, amma hakan bai hana a tara kawunan mutanen Halab a bakin gari ba.

A Dimashƙa kuma, farkon 1401, Sultan Faraj na daular Mamalik ta Misra wanda yaro ne a lokacin ya zo da runduna, sai ya ji ƙishin-ƙishin ana shirya masa juyin mulki a Alƙahira ya tattara ya koma cikin dare ya bar garin. Cikin waɗanda aka bari har da masanin tarihi Ibn Khaldun, dattijo mai shekara kusan 70, wanda aka zuro da igiya ta kan ganuwa ya je sansanin Taimur, yayi sama da wata guda yana zuwa majalisarsa. Shi da kansa ya rubuta labarin, yace Taimur mutum ne mai kaifin basira mai son muhawara akan abin da ya sani da wanda ma bai sani ba, ya sa shi ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib dalla-dalla, garuruwa da duwatsu da hanyoyi, kuma kowa ya san ba don yawon buɗe ido yake tambaya ba. Ibn Khaldun ya kai masa kyautar Alƙur'ani da dardumar sallah da kwafin Burda da alewa, da ya ga Alƙur'anin sai ya miƙe tsaye ya ɗora shi a ka, dardumar ma ya sumbace ta. A wannan zaman dai, a wannan garin dai, bayan mutane sun biya kuɗin fansa an ce bai isa ba an ninka musu, aka saki sojoji suka shiga gida-gida da azaba suna tatsar dukiya, aka cinna wa gari wuta har ta cinye Masallacin Banu Umayya. Uzurinsa a nan kuma daban, wai yana hukunta mutanen Sham ne saboda kakanninsu sun goyi bayan Banu Umayya akan Sayyidina Ali, abin da ya faru sama da shekara 700 kafin a haifi waɗanda ake yankawa. A wani wurin kuma in ya ga dama sai ya zama mai kare Sunna ya far wa 'yan Shi'a. Kowane gari da irin rigar da yake sa masa.

Bagadaza ma bata tsira ba, a tsakiyar zafin 1401 ya sake cin ta, aka ce kowane soja ya kawo kai, aka sake gina hasumiyoyi. Muna tsine wa Hulagu na Mongol akan abin da yayi wa garin a 1258, to shi Hulagu ko ba komai bai taɓa cewa shi Musulmi ba ne.

Yanzu a zo kan Ankara, Yuli 1402, wanda marubucinku ya kawo a matsayin babbar nasara. Nasara akan wa? Akan Sultan Bayazid na Daular Usmaniyya, mutumin da ya ragargaza rundunar 'yan Salibiyya a Nikopolis a 1396, wanda tun 1394 ya yi wa Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, ƙawanya yana gab da cin ta. Taimur ya riga shi kama ruwa, sojojin Tatar da ke ɓangaren Bayazid suka sauya sheƙa ana tsakiyar yaƙi, aka kama Sultan da ransa ya mutu a tsare a 1403, 'ya'yansa suka shiga yaƙin basasa har 1413, Kustantiniyya kuma ta samu numfashin shekara 50 sai 1453 Muhammadu Alfatih ya buɗe ta. Su wa suka yi murna? Sarakunan Turai. Akwai musayar wasiƙu tsakaninsa da sarkin Faransa da na Ingila, wasiƙar da ya aika wa Sarki Shal na shida na Faransa tana nan a ajiye a birnin Paris har yau, sarkin Kastil ta ƙasar Sifen kuwa jakada ya tura masa takanas, Klabiho, wanda ya isa Samarkand a 1404 aka yi masa tarba ta girma. Haka a arewa, Toktamish sarkin Tatar na yankin kogin Bolga shima Musulmi ne, Taimur ya karya shi a 1391 da 1395 ya ƙone Sarai babban birninsu, kuma wanda ya ci moriyar raunin Tatar daga baya Mosko ce. Ku lissafa da kanku: Delhi, Tatar, Sham ta Mamalik, Usmaniyya, manyan daulolin Musulmi na wancan zamanin ne, kuma babu wadda bai yi wa illa ba.

Na san za a ce ai ya yaƙi Kiristocin Jojiya, ya kuma ƙwace Izmir daga hannun mayaƙan Salibiyya cikin mako biyu a ƙarshen 1402, abin da Usmaniyawa suka daɗe suna nema basu samu ba. Gaskiya ne. Amma Izmir ɗin ɗan gari guda ne a cikin shekara 35 na yaƙi, kuma ni ban yarda ba ma cewa in wanda aka zalunta ba Musulmi ba ne sai abin ya zama ado. A Sibas a 1400 yayi wa masu tsaron gari alkawarin ba za a zubar da jininsu ba in sun miƙa wuya, da suka miƙa sai ya sa aka haƙa ramuka aka binne dubban sojojin Armeniya da ransu, wai ai ba a zubar da jini ba. Wane malami ne zai ce wannan cika alkawari ne? Addinin da ya hana kashe mata da yara da tsofaffi da masu ibada a ɗakunan bautarsu, ya hana yaudara bayan an bada amana?

Akwai kuma masu cewa zamanin ne haka, kar a auna mutumin ƙarni na 14 da ma'aunin yau. Ai ba da ma'aunin yau nake auna shi ba, mutanen zamaninsa ne suka fara kiran abin bala'i, malaman Misra da Sham na lokacin basu rubuta shi a matsayin mujahidi ba, annoba suka ɗauke shi. Kuma shekara 200 kafin shi Salahuddin ya buɗe Ƙudus a 1187 ya karɓi fansa ya bar mutane suka fita da rayukansu, shima zamanin takobi ne ai. Batun alƙaluma kuwa, na yarda marubutan da suna da ƙarin gishiri, 70,000 ko 100,000 ba wanda ya bi da biro ya tantance, amma abin lura shine da yawan waɗannan lambobin daga littattafan fadarsa suka fito, su a wurinsu abin alfahari ne, shi da kansa yana so labarin hasumiyar kawuna ya riga shi isa gari na gaba don a buɗe masa ƙofa ba gardama. Ko ka raba lissafin gida huɗu ka ɗauki kashi ɗaya, abin da ya rage ya isa.

Gine-gine kuma, wallahi suna da kyau, duk wanda ya ga hoton kubbar Gur Amir, inda kabarinsa yake, ko ginin da ya ɗora akan kabarin Shehu Ahmad Yasawi a Turkistan ta Kazakistan ya san an yi aiki. Amma su wa suka gina? Duk garin da ya ci sai ya ware magina da masassaƙa da maƙera da masaƙa da masu aikin gilashi ya tasa ƙeyarsu zuwa Samarkand, Dimashƙa ta rasa masu sana'arta kusan kaf a 1401. Masallacin Bibi Khanum da aka fara a 1399 da ganimar Indiya aka gina shi, da maginan da aka kamo da giwayen da ke jan duwatsu, kuma saboda gaggawa da son ya fi kowane girma tun ba a je ko'ina ba ya fara zubewa, yawancin abin da masu yawon buɗe ido ke ɗauka a hoto yau gyaran baya-bayan nan ne. Har ƙauyukan da ke kewaye da Samarkand ya raɗa wa sunayen Bagadaza da Dimashƙa da Misra da Shiraz don a ce ga su nan sun zama ƙauyukan birninsa. Mulki kuwa bai kafa wani tsari mai ɗorewa ba, yana mutuwa a Otrar a watan Fabrairu 1405, cikin tsananin sanyi akan hanyarsa ta zuwa yaƙar Sin, 'ya'ya da jikoki suka kaure da faɗa, wanda ya zaɓa ya gaje shi ma Pir Muhammad bai samu gadon ba, sai 1409 ɗansa Shah Rukh ya tattara abin da ya saura.

To ta ina kyakkyawan sunan ya fito? Daga alƙalamin waɗanda gidansa ya ciyar. Nizamuddin Shami shi Taimur ɗin ne ya sa shi rubuta tarihinsa, Sharafuddin Yazdi kuma jikansa ne ya ɗauki nauyinsa bayan shekara 20 da mutuwarsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski. A ɗaya gefen akwai Ibn Arabshah wanda aka kwasa daga Dimashƙa yana yaro ɗan shekara 12 aka kai Samarkand, ya girma ya rubuta nasa littafin cike da ɗaci. Ko akan gurguntar ma basu haɗu ba, mutanen fada suka ce rauni ne na fagen fama, Ibn Arabshah yace satar tumaki ya je makiyayi ya harbe shi. Ban ce a haɗiye na Ibn Arabshah duka ba, shima yana da nasa fushin, amma marubucinku ɓangare ɗaya kawai ya karanta mana.

Sai kuma siyasar zamani. Lokacin Tarayyar Sobiyet a makarantu azzalumi ake koyar da shi. Da Uzbekistan ta samu 'yanci a 1991 gwamnatin Islam Karimov na neman uban ƙasa da za a taru a kansa, sai aka sauke gunkin Karl Marx a dandalin tsakiyar Tashkent aka kafa na Taimur akan doki a 1993, da rubutu a jiki wai ƙarfi yana cikin adalci, a 1996 aka yi bikin cikarsa shekara 660 aka buɗe masa gidan tarihi, har a takardar kuɗi ta som 500 an saka shi. Abin dariyar shine shi ba Ba'uzbeke ba ne, Uzbek ɗin asali ƙarƙashin Shaibani Khan su ne ma suka kori jikokinsa daga Samarkand a wajen 1500, korar da ta sa Babur, ɗaya daga cikinsu, ya gangara Kabul daga nan ya ci Indiya a 1526 ya kafa daular Mughal. Ban ga laifin mutanen Uzbekistan ba sosai, kowace sabuwar ƙasa tana neman wanda zata yi tinƙaho dashi kuma garuruwansu ne suka ci ribar ganimar, amma je ka tambayi mutumin Isfahan ko Halab ko Tibilisi ta Jojiya. A Indiya a ƙarshen 2016 wasu fitattun 'yan fim sun raɗa wa jaririnsu suna Taimur, ƙasar ta ɗauki zafi kamar me, shekara 600 bayan abin da ya faru a Delhi. Mu da ba kakanmu ba, ba garinmu ya gina ba, me ya kai mu ɗaukar farfagandar wata gwamnati mu mayar da ita tarihin addini?

Af, har da labarin nan da ake yawo dashi cewa kabarinsa na da tsinuwa, wai masanan Sobiyet, har da Gerasimov, sun buɗe shi a watan Yuni 1941 kwana biyu ko uku sai Hitla ya afka wa Rasha ranar 22 ga wata, har wasu na kawo shi a matsayin karama. Buɗe kabarin gaskiya ne, sun ma tabbatar da raunin ƙafa da hannun dama, an kuma mayar da gawar a ƙarshen 1942. Amma Hitla tun Disamba 1940 ya sa hannu akan umarnin kai harin, sojojinsa sun yi watanni suna taruwa a kan iyaka, ko an taɓa kabari ko ba a taɓa ba suna tafe.

In dai lallai sai an ɗauko wani daga wannan gidan an nuna wa yaranmu, ga jikansa Ulug Beg nan, wanda ya gina makaranta a Samarkand ya kuma gina ɗakin binciken taurari a shekarun 1420, ya tara masana lissafi irin su Alkashi da Ƙadi Zada, suka fitar da jadawalin taurari 1,018 a 1437 ba tare da na'urar hangen nesa ba, aikin da masanan Turai suka riƙa amfani dashi har bayan shekara 200. A mulki bai yi sa'a ba, ɗan cikinsa Abdullaɗif ne ya yi masa tawaye aka kashe shi a 1449, aka bar ɗakin binciken ya rushe ƙasa ta binne shi sai 1908 wani masani ɗan Rasha ya tono ragowarsa. Ina roƙon ku ba shi shafi guda a fitowa ta gaba, ku haɗa da Gauhar Shad matar Shah Rukh wadda ta gina babban masallacin Mashhad a 1418, don na tabbata da yawa daga masu karatu ko sunanta basu taɓa ji ba.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar shafin tarihi